Iyakar Ikon Alƙali: Nasiha Ga Mai Sayen Hannun Jari A Ƙasashen Waje

Wani attajiri daga cikin masu karanta wannan fili ya aiko da tambaya, wadda na ga ya dace in amsa ta a bainar jama'a, domin ba shi kaɗai take damu ba. Ya ce 'ya'yansa sun koya masa sayen hannun jarin kamfanonin ƙasashen waje ta wayar hannu, ya kuwa zuba dukiya mai dama, wani kashi a kasuwar New York, wani a ta Landan, wani kuma a wata manhaja da bai ma san ƙasar da masu ita suke zaune ba. Yana so ya sani, idan ta tabbata wani kamfani ya ɓoye asara, ko ya ƙawata lissafinsa da ƙarya har farashi ya hau sa'an nan ya rikito, gaban wane alƙali zai tsaya, da dokar wace ƙasa kuma za a yi masa hukunci. Ya ƙara da cewa an gaya masa kotunan Amurka suna karɓar ƙarar kowa daga ko'ina, muddin da dala aka yi cinikin.

Alhaji, Allah Ya ƙara arziki. Wanda ya gaya maka haka labarin dā ya ba ka, kuma ko a dā ɗin ma maganar ba ta kai yadda ya faɗa ba. Domin amsar ta zauna da kyau, sai mun fara rarrabe al'amura uku da mutane suka saba cuɗawa, alhali kuwa kowannensu da hukuncinsa. Na farko shi ne ikon kafa doka, wato ko dokar wata ƙasa ta hau kan wannan mu'amala tun asali. Na biyu shi ne hurumin kotu, wato ko alƙalin wannan ƙasa yana da ikon kiran wanda ake ƙara ya gurfana gabansa. Na uku shi ne zartarwa, wato ko hukuncin da aka yanke zai iya kaiwa ga dukiyar wanda aka kayar, a ciro haƙƙin mai haƙƙi daga cikinta. Mutum yana iya samun na farko ya rasa na biyu, yana kuma iya samun biyun farko ya komo gida da takardar hukunci mai hatimi, ba tare da an ba shi ko anini ba.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa wilayar alƙali tana da iyaka ta wuri, idan ya fita daga yankin da aka naɗa shi ya zama kamar sauran mutane. A cikin Tuhfa ta Ibnu Asim, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita, magana mashhuriya ita ce ana yin shari'a a inda wanda ake ƙara yake. Saboda haka ne ma aka buɗe babin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, domin abin da ya tabbata gaban wannan ya sami mai zartar da shi a garin wancan. Abin da zamani ya ƙaro shi ne saurin tafiyar dukiya: kuɗin da ya bar Kano da hantsi yana iya kwana a cikin littafin wani dillali a wata nahiya, amma sammacin alƙali har yanzu yana tsayawa a bakin iyaka, sai an ba shi izini ya wuce.

Yadda Amurka ta ja layinta

Babbar dokar da masu jari suke kai ƙarar zamba da ita a Amurka ita ce dokar kasuwannin hannun jari ta 1934, sashe na 10(b), wadda aka kafa bayan rushewar kasuwa ta 1929. Dokar ba ta ambaci ƙasashen waje a wannan sashe ba, sai alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta New York suka yi ijtihadi tun daga 1968, suka fitar da ma'auni biyu: idan an ƙulla wani muhimmin ɓangare na zambar a cikin Amurka, ko kuwa cutarwarta ta faɗa wa masu jari da kasuwannin Amurka, to doka ta hau. Da wannan ijtihadi aka yi aiki shekara arba'in da 'yan kai, har ta kai baƙo yana ƙarar kamfanin baƙi a New York a kan hannun jarin da ya saya a kasuwar baƙi, saboda kotunan can suna da abubuwan da ba a samu a wasu wurare: ƙarar gayya, wadda mutum ɗaya yake shigarwa a madadin dubbai, da lauyoyin da ba a biyansu sai an ci nasara, da kuma sauƙin da aka yi wa wanda ya faɗi, domin galibi ba a ɗora masa kuɗin lauyan abokin shari'arsa.

Ranar 24 ga Yuni, 2010, Kotun Ƙoli ta Amurka ta rufe wannan ƙofa a shari'ar da aka sani da Morrison da National Australia Bank. Wannan banki na Ostireliya ya sayi wani kamfanin kula da bashin gidaje mai suna HomeSide, wanda yake jihar Florida, a 1998. A 2001 sai bankin ya zabtare ƙimar dukiyar kamfanin, da farko dala miliyan 450, daga baya dala biliyan 1.75, farashin hannun jarinsa ya faɗi. Waɗansu 'yan Ostireliya da suka sayi hannun jarin a kasuwar ƙasarsu suka kai ƙara New York, hujjarsu ita ce a Florida aka shirya lissafin ƙarya. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa shi a kan ƙa'idar cewa duk dokar da majalisa ba ta bayyana ƙarara tana aiki a waje ba, to a cikin gida kaɗai take aiki. Sa'an nan ya bayyana cewa abin da wannan sashe ya sa gaba shi ne cinikin kansa, don haka ba ya kare kowa sai wanda ya yi ciniki a kan takardun da aka jera a kasuwannin Amurka, ko wanda ya ƙulla cinikin wasu takardun a cikin ƙasar. Da wannan aka daina duba inda aka kitsa ƙaryar, aka daina duba ƙasar mai saye da irin kuɗin da ya biya, aka koma duba wurin da aƙadi ya ƙullu.

Nauyin wannan hukunci bai daɗe ba ya bayyana. A watan Janairu na 2010 masu jari sun riga sun ci nasara a New York a kan kamfanin Vivendi na Faransa, amma da aka shiga 2011 sai alƙali ya fitar da duk waɗanda suka saya a kasuwar Paris daga cikin masu haƙƙin diyya, har da Amurkawan cikinsu, masu sayen na Paris kuwa su ne mafi rinjaye. Haka kuma kamfanin mai na Brazil, Petrobras, ya amince a 2018 ya biya dala biliyan 2.95 ga waɗanda suka sayi takardunsa a Amurka, alhali waɗanda suka sayi hannun jarin kamfanin nan guda a kasuwar São Paulo, ƙarya guda ta cuce su, aka ce su koma ga sasancin da tsarin mulkin kamfanin ya shar'anta a can gida. Ka ga ke nan mutum biyu suna iya yin asara iri ɗaya a rana ɗaya, a biya ɗaya a sallami ɗaya, ba abin da ya raba su sai kasuwar da dillali ya kai odarsu.

Ƙa'idar ta haura maganar hannun jari ma. A 2013, a shari'ar Kiobel, wadda waɗansu 'yan Ogoni suka shigar a kan kamfanin Shell bisa abin da ya faru a yankinsu, Kotun Ƙoli ta Amurka ta jawo wannan ƙa'ida ta kori ƙarar. Amma a 2021 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yarda mutanen Ogale da Bille su ci gaba da ƙarar uwar kamfanin a Landan a kan malalar mai. Darasin da ke nan shi ne kowace ƙasa ita take ja wa kotunanta layi, kuma layukan ba su yi daidai da juna ba.

Hannun hukuma ya fi na mutum ɗaya tsawo

Akwai bambancin da ya wajaba ka riƙe, Alhaji. Ƙasa da wata guda bayan hukuncin Morrison, a watan Yuli na 2010, aka sa hannu a kan dokar Dodd-Frank, wadda ta mayar wa hukumar kula da hannun jari ta Amurka, SEC, da ma'aikatar shari'a tsofaffin ma'aunan nan biyu, amma ba ta mayar wa ɗaiɗaikun masu jari ba. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a shari'ar Traffic Monsoon, wani tsarin damfara da aka gudanar daga jihar Utah, wanda mafi yawan waɗanda suka zuba kuɗi a cikinsa ba a Amurka suke ba. Kamfanin da ya kai kansa kasuwar Amurka kuwa ya shiga hannu, ko da duk harkarsa a wata nahiya take. Misali na kusa shi ne Tingo, wanda aka jera a kasuwar Nasdaq: a watan Disamba na 2023 hukumar SEC ta tuhume shi da shugabansa ɗan Nijeriya da cewa sun yi da'awar ajiyar fiye da dala miliyan 460 a bankunan Nijeriya, alhali abin da yake cikin asusun bai kai dala 50 ba, a 2024 kuma kotu ta yanke hukuncin biyan fiye da dala miliyan 250 bayan ba su zo sun kare kansu ba. Sai dai hukuma don maslahar kasuwarta take aiki, ita ce take zaɓar ƙarar da za ta bi, kuma ko da yake dokar 2002 ta ba ta damar raba kuɗin tara ga waɗanda aka cuta, ba a raba abin da ba a kama ba.

Da ƙofar Amurka ta ƙuntata, sai masu jari suka nemi wasu. Holan tana da dokar 2005 da ta ba kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam ikon tabbatar da sulhun gayya a kan kowa da kowa, har da baƙi, sai wanda ya ce a cire shi. Da ita aka tabbatar tun a 2009, kafin hukuncin Morrison ma, da sulhun kimanin dala miliyan 352 ga masu jarin Shell da ba na Amurka ba, bayan kamfanin ya bayyana a 2004 cewa ya zuzuta yawan man da ya tabbatar yana da shi a ƙarƙashin ƙasa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, wani babban ɓangare na ƙarin kuwa a rijiyoyin Nijeriya yake. A Ingila ma ana iya ƙarar kamfani a kan bayanin ƙarya bisa dokar 2000, amma sai mutum ya shigar da sunansa da kansa, kuma wanda ya faɗi shi yake ɗaukar ɗawainiyar wanda ya ci, abin da ya sa ƙaramin mai jari ba ya iya tunkarar ta shi kaɗai.

Hukunci a hannu, dukiya a wata ƙasa

Mu ɗauka ka kai ƙara a gida, a kotun musamman ta harkokin jari da ke Abuja, ka kuma yi nasara. Idan dukiyar wanda ka kayar tana Dubai, sai ka ɗauki hukuncin ka kai wa alƙalin can ka roƙi ya amince da shi, shi kuma zai duba ko an isar wa mutumin da sammaci yadda ya kamata, ko kotun farko tana da hurumi a kansa, ko hukuncin bai saɓa wa tsarin ƙasarsa ba. Haka mu ma muke yi wa hukuncin baƙi, bisa dokar 1922 da ta 1961, waɗanda suka gindaya sharuɗɗa da wa'adin yin rajista. An ƙulla yarjejeniyar Hague ta 2019 domin sauƙaƙa wannan al'amari tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 2023, amma Nijeriya ba ta cikinta. Abin da ya fi hukuncin kotu saurin ƙetare iyaka shi ne hukuncin tahkimi, wato na masu sasancin da ɓangarori biyu suka amince da su tun a cikin yarjejeniya, domin yarjejeniyar New York ta 1958 ta ɗaure ƙasashe fiye da 170 su zartar da shi, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Wahalarsa ita ce tsada, musamman idan an shar'anta a wani birni mai nisa za a zauna.

Mafi muni duka shi ne halin wanda ya zuba kuɗi a inda ba a san mai shi ba. Dokar zuba jari ta Nijeriya ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta shigar da kadarorin kirifto cikin abin da hukuma take sa wa ido, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu tsarin damfarar nan da ake biyan na farko da kuɗin na baya. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Amma waɗanda tsarin damfara na MMM ya cinye a 2016, da waɗanda manhajar CBEX ta rufe da kuɗinsu a watan Afrilu na 2025, sun ga cewa tsananin doka ba ya amfanar da wanda bai san sunan da zai rubuta a kan sammaci ba.

Abin da ya kamata ka yi

Da farko, ka san haƙiƙanin abin da ka saya. Akwai hannun jari na asali. Akwai takardar shaidar ajiya da ake kira ADR a Amurka ko GDR a Landan, wadda take kamar takardar da mai rumbu yake ba wanda ya ajiye hatsi a wurinsa, hatsin yana can gida, takardar tana yawo a kasuwa. Akwai kuma caca a kan hawa da saukar farashi, wadda mai ita bai mallaki komai a cikin kamfanin ba, haƙƙinsa duka yana wuyan mai manhaja. Ka tambayi dillalinka a rubuce, ya amsa maka a rubuce.

Na biyu, ka san kasuwar da aka zartar da odarka, domin kamfani ɗaya yana iya zama a kasuwa biyu ko uku. Seplat yana Legas da Landan tun 2014, Airtel Africa yana Landan da Legas tun 2019, Ecobank kuwa, wanda hedkwatarsa take Lome, yana Legas da Akara da Abidjan. Wanda ya sayi Jumia a New York yana ƙarƙashin inuwar dokar Amurka ko da a Zariya yake zaune, ko da yake kamfanin a Jamus aka yi masa rajista, a Afirka kuma yake harkarsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa kasuwarsu ita ce BRVM ta Abidjan, wadda ƙasashe takwas masu kuɗin sefa suka yi tarayya a kanta, mai sa mata ido kuma hukuma ce ta yankin gaba ɗaya.

Na uku, ka bincika lasisin dillali a shafin hukumar kanta, kada ka wadatu da hoton takardar da ya nuna maka. Tun a watan Afrilu na 2021 hukumar SEC ta Nijeriya ta yi gargaɗi a kan manhajojin da suke tallata hannun jarin waje ba tare da rajista ba. Ka kuma tambayi sunan dillalin waje da dukiyarka take hannunsa, da ko an rubuta ta da sunanka ko an cuɗa ta da ta wasu a asusu guda. Asusun kariya na Amurka, SIPC, yana mayar wa abokin ciniki har dala 500,000 idan dillalin da yake mamba ya karye, ba tare da duba ƙasar mutum ba, amma ba ya biyan asarar faɗuwar farashi.

Na huɗu, ka karanta ƙarshen yarjejeniyar da ake cewa ka latsa ka amince, domin a nan ake ambaton dokar da za ta yi hukunci, da garin da za a zauna, da ko ka sarayar da haƙƙinka na shiga ƙarar gayya. Idan aka ce sai wani tsibiri da kuɗin jirgin zuwansa ya fi jarinka, to ka sani a aikace ba ka da alƙali, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar, ka adana bayyina: takardar tabbatar da kowane ciniki mai ɗauke da rana da farashi da sunan kasuwa, da shaidar tura kuɗi ta banki, da duk tallan da aka jawo ka da shi. Idan aka yi sulhun gayya ba a bin mutane gida da kuɗi, sai wanda ya cika takardar neman kasonsa kafin wa'adi ya cika.

Na shida, idan ɓarna ta auku kada ka yi jinkiri. A Amurka wa'adin ƙarar zamba shekara biyu ne daga ranar da aka gano ta, kuma ba ya wuce shekara biyar daga ranar da aka aikata ta. Ka kai koke ga hukumar ƙasarka da ta ƙasar da kasuwar take a lokaci guda, domin hukumomin suna musayar bayanai bisa yarjejeniyar ƙungiyarsu ta duniya, IOSCO, ta 2002. Ka nemi lauyan da ya san wannan fanni, ka haɗa kai da sauran waɗanda abin ya shafa. Ka kuma yi hattara da masu bugo waya suna cewa za su ƙwato maka kuɗinka idan ka ba da wani abu tukuna, domin galibi damfara ce ta biyu a kan ta farko.

Ban faɗi wannan duka don in hana kowa neman halalinsa a kasuwannin duniya ba, domin fatauci zuwa nesa gadonmu ne, kuma rarraba jari tsakanin ƙasashe dabara ce ta masu hankali a lokacin da darajar kuɗin gida take tangal-tangal. Abin da nake roƙonka, Alhaji, da kai da duk mai karatu, shi ne kafin ka saki kuɗinka ka iya ambaton abu uku da bakinka: dokar da za ta yi hukunci a kan cinikin, da kotun da za ta saurare ka, da ƙasar da dukiyar abokin cinikinka take. Idan ka sami amsar ukun a rubuce, ka shiga da gwargwadon abin da za ka iya jure asararsa; idan ɗaya ta gagara, ka riƙe dukiyarka. Allah Ya tsare mana halalinmu, Ya raba mu da cin haƙƙin wani.